Shin Abokan Wasan Ibro Har Yanzu Suna Ba Da Dariya?

Yau ba girki zan kawo muku ba, ba kuwa maganar reno ba. Wata gardama ce na tarar a gidan suna, ta biyo ni har gida ta hana ni sakat, na ce lalle sai na kawo muku ita mun tattauna tare.

Ga yadda abin ya faru. Muna zaune a tsakar gida ana gyaran kayan miya, waɗansu na tsintar shinkafa, sai wata yarinya 'yar sakandare ta taɓa wayarta, muryar ɗaya daga cikin 'yan wasan nan da suka yi zamani da marigayi Rabilu Musa Ibro ta tashi. Wata uwargida da ke yankan albasa kusa da ni ta ɗaga kai ta saurara kaɗan, ta taɓe baki, ta ce ita dai tun ran da aka binne Ibro aka binne dariya tare da shi, waɗannan da suka rage ihu kawai suke yi. Kafin ta rufe baki sai ƙanwar mai jego ta karɓe, ta ce wannan rashin adalci ne, ai ko daren jiya sai da ta yi dariya har da hawaye tana kallon ɗayansu. Ita kuwa mai wayar da aka tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita fa da Ibron da abokansa duk ba ta ga abin dariya a wurinsu ba, kuskure ma ta yi ta danna. Nan fa gida ya kaure. Aka bar albasa, aka bar shinkafa, har sai da tsohuwar gidan ta leƙo ta ce in ba mu yi hankali ba baƙi za su ci gardama a madadin abinci.

Watakila wata za ta ce, duk matsalolin da ke damun mata a rasa abin da za a cika fili da shi sai maganar 'yan wasa? To, 'yar'uwa, yi haƙuri ki karanta zuwa ƙarshe. Waɗannan mutane sun shiga ɗakunanmu shekara da shekaru, sun zauna da mu ranar da maigida ya fita da fushi, da ranar da jego ya ishe mu, da daren da aka rasa mai hira. Mutumin da ya yi miki wannan hidima ya cancanci ki yi masa hukunci da adalci. Ban da haka kuma, yadda muke magana a kan wanda zamaninsa ya fara wucewa, haka 'ya'yanmu za su koyi magana a kanmu in namu ya wuce.

Bari mu fara da tuna wa 'yan makaranta ko wane ne Ibro, domin da yawa daga cikinku kuna goye ko kuna rarrafe sa'ad da ya rasu. Sunansa Rabilu Musa, mutumin Ɗanlasan ne a jihar Kano, an haife shi a 1971. Ya yi aikin ganduroba, watau ma'aikacin gidan yari, kafin ya bari ya rungumi wasan kwaikwayo. Sana'ar fim ɗin Hausa ta bidiyo ta soma ne a Kano a 1990, sa'ad da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, kuma ba a daɗe ba kasuwa ta rabu biyu: ga fina-finan soyayya masu waƙa da rawa, ga kuma na ban dariya waɗanda aka laƙaba wa suna camama. A wannan ɓangare na biyu Ibro ya zama sarki. Da an hango doguwar jar hular nan a jikin kwalin kaset, an san kuɗi ba za su yi ciwo ba. Daga Kano har Maraɗi da Damagaram, har zangon Hausawa na Kumasi, babu inda ba a san shi ba. Allah ya yi masa rasuwa a Kano cikin watan Disamba na 2014. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.

Amma Ibro bai taɓa yin wasa shi kaɗai ba, kuma nan ne gardamarmu ta samo tushe. Kullum yana kewaye da tawaga. Akwai waɗanda suka riga shi tafiya, akwai kuma waɗanda suka ci gaba da sana'ar bayansa, irin su Sulaiman Bosho, da Rabi'u Daushe, da Mustapha Naburaska, da Baba Ari, da sauransu da dama da suka fito tare da shi a fina-finai masu yawa. Su ne waɗanda uwargida mai albasa ta ce sun daina ban dariya, ƙanwar mai jego ta ce ba su daina ba. Mu ɗauki maganar kowacce mu auna.

Mai albasa tana da gaskiyarta, kada mu raina ta. Duk wadda ta bi fina-finan ban dariya bayan 2014 ta ga yadda waɗansu suka ɗauka cewa asirin Ibro yana cikin hula ne da zare ido da ɗaga murya. Sai aka yi ta sa manyan huluna, ana faɗuwa ƙasa ba dalili, ana guje-guje, ana zage-zage, mai kallo na zaune shiru kamar wadda ta zo gaisuwar mutuwa. Abin da suka manta shi ne Ibro mai kunne ne. Yakan saurari abin da gari ke ciki ya kawo shi cikin wasa tun yana da zafinsa. Lokacin da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika gidajen biki da motocin haya, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin da aka kai Amurka a 2001, sunan Usama na bakin kowa, sai ga Ibro Usama. Da yaƙin Iraƙi ya zo a 2003, sai ga Ibro Saddam. Wanda ya kwaikwayi hular ya bar kunnen, ya ɗauki kwanon ne ya bar tuwon. In irin waɗannan fina-finai mai albasa ta ci karo da su, ba laifinta ba ne da ta taɓe baki.

Sai dai kuma akwai abin da ba ta faɗa ba, watakila domin ita kanta ba ta lura da shi ba. Ki tuna yadda kike kallon Ibro a wancan lokaci. Akwatin talabijin ɗaya ne a gidan, wani lokaci ma a layin duka. A aiki yaro shagon haya ya karɓo kaset, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan sallar isha'i, kishiyoyi su ajiye abin da ke tsakaninsu, yaran maƙwabta su cika ƙofa, ana addu'a kada a ɗauke wuta. Ibro na buɗe baki, kafin ki gama jin abin da ya ce dariyar yayarki ta riga ta kama ki. Kashegari a bakin rijiya ko a wurin kitso a sake maimaita maganar, a sake yin dariyar. A lokacin kina amarya ko kina budurwa, mahaifiyarki na da rai, gwiwarki ba ta ciwo, kuɗin makaranta ba a wuyanki yake ba. Yau kuwa kina kallon Bosho ke kaɗai a 'yar ƙaramar waya, kina gyangyaɗi, rabin hankalinki na kan abin da za a karya da shi gobe. Sa'an nan ki ce bai ba ki dariya irin ta da ba. Ina zai samo miki waccan tabarma da mutanen da ke kanta? Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Bashin da muke bin waɗannan bayin Allah, wani sashe nasa ƙuruciyarmu ce, kuma babu ɗan wasan da zai iya biyan wannan.

To, mu koma ga ƙanwar mai jego. Da na matsa mata da tambaya me ta kalla har ta yi hawaye, sai ta ce Gidan Badamasi. Ga waɗanda ba su sani ba, shiri ne mai dogon zango na Falalu Ɗorayi wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2019, labarin wani tsohon attajiri mai tarin 'ya'ya, kowannensu ido na kan dukiyar uban. Magaji Mijinyawa ne ya fito a matsayin Alhaji Badamasi, Naburaska kuwa na cikin 'yan wasan. Da ta faɗi haka sai na ga bakin zaren. A wannan shiri an zauna an tsara labari, an ba kowa halinsa, an kuma tara mutane da yawa a gida guda suna gogayya da juna mako bayan mako. Watau an sake gina tawaga. Mutumin da mai albasa ta gani shi kaɗai yana ihu a wani ɗan guntun bidiyo ta ce ya ƙare, irinsa ne ƙanwar mai jego ta gani a cikin jama'a ta yi dariya har da hawaye. Dukansu biyu gaskiya suka faɗa, wurin da suka tsaya suka duba ne ya bambanta.

Ni dai ra'ayina ke nan, kuma ina so ku auna shi da kanku. Ban dariya irin tamu ta Hausa aikin gayya ce. Ki duba wasannin barkwanci da muka gada. Bafulatani na tsokanar Babarbare, Bakano da Bazazzagi, Bagobiri da Bayarabe, Bakatsine da Banufe, taubashi da taubashiya, kaka da jika. A cikinsu duka babu inda mutum ɗaya ke tsayawa ya yi ta zuba. Sai an jefa an cafe, an rama, an ƙara gishiri. Kaka ta ce wa jikanta mijin nan nawa ba ya ko cefane, in yaron ya yi shiru wasa ya mutu, in ya ce ai na sake ki tun jiya domin ba ki da haƙora, sai gida ya ɗauka. Wannan al'ada tana da daraja har Hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin ƙasar Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, a shekarar 2014, shekarar da Ibro ya rasu. Haka 'yan kama suke, masu kwaikwayon karatun malamai da sunayen abinci: ɗaya na ja, saura na amsawa. Haka tashe yake da azumi. Ko a kiɗa ma, ku tuna marigayiya Barmani Choge ta Funtuwa wadda ta rasu a 2013. Muryarta ce a gaba, amma a cire matan da ke kaɗa ƙwarya suna amshi a bar ta ita kaɗai, ai kun san amada ba za ta yi armashi ba.

Fina-finan camama a kan wannan turba suka tashi. Yawancinsu ba a rubuta kowace kalma. Akan gaya wa 'yan wasa yadda fitowar za ta kasance, wane zai zo bin bashi, wane zai ɓuya a bayan ƙofa, su kuwa su cika sauran da bakinsu. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da wanda ya san ka ciki da bai, ya san lokacin da zai yi shiru ya bar maganarka ta sauka, ya san irin kallon da zai yi maka ya tunzura ka. Mu masu kallo idonmu na kan mai jar hula, ba mu lura da wanda ya tsaya a gefe ya daure fuska yana miƙo masa magana ba. Alhali sau da yawa wannan na gefe shi ne gishirin. Ibro ya sami irin waɗannan mutane, su ma sun same shi. Da ya tafi, ba gwani ɗaya kaɗai aka rasa ba, an rasa wanda kowa ya saba jefa wa magana.

Ke da kike shiga kicin kullum kin fi kowa gane wannan. Ki ɗauki daddawa ki ɗanɗana ita kaɗai, ki ɗauki kuka, ki ɗauki barkono, ki ɗauki kanwa. Wanne ne zai yi miki daɗi a baki? Amma wa zai ce daddawar ta lalace? Tukunya take jira. Tambayar da ta kamata mu yi game da abokan wasan Ibro ita ce, wa ya haɗa su a tukunya, kuma da wane irin hannu?

A nan ne ya kamata ku san abin da ya sami sana'ar kanta, domin ba mutuwar Ibro kaɗai ta watsa tawaga ba. A zamanin kaset da faifan CD, akwai 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai da Bata a Kano masu zuba kuɗi a yi fim, a buga dubbai, a rarraba har ƙasashen maƙwabta. Ɗan wasa na gama wannan aiki zai wuce wancan, kullum yana tare da abokan aikinsa. Sai satar fasaha ta yi yawa, sai kuma ga wayar hannu, ga masu tura fina-finai a waya a kan 'yan kuɗi kaɗan, wanda ya sha wahalar yin fim ɗin bai ga ko sisi ba. A 'yan shekarun da suka biyo bayan rasuwar Ibro kasuwar faifai ta durƙushe. Aka koma YouTube da tashoshin talabijin, daga baya kuma ga TikTok inda ake son a ba mutum dariya cikin minti guda. Kowa ya kama gabansa yana neman abin sa wa a baki. Wani ya buɗe tasharsa, wani ya shiga tallar 'yan siyasa, wani ya koma kasuwa. Mutumin da ya saba a ba shi rabin sa'a ya gina rigima tsakaninsa da mai gidan haya, yau an ce ya yi ta cikin daƙiƙa sittin shi kaɗai a gaban waya. In ya koma ihu, yunwa da ƙurewar lokaci na da hannu a ciki.

Saura 'yar sakandare mai waya, wadda ta ce duk ba ta ga abin dariya ba. Matan gidan sun yi mata caa, ni kuwa na ji tausayinta, domin ita ma ba ƙarya ta yi ba. Yarinyar da aka haifa bayan 2008 ina ta san Awilo? Ina ta san yadda sunan Saddam ya cika gari? Wasan da aka gina a kan abin da ake yayi, daɗinsa kamar na ƙosai ne, da zafinsa ake ci. Mu ma haka muka yi wa iyayenmu. Su nasu gwanayen su ne na zamanin rediyo da talabijin na gwamnati: Usman Baba Pategi, watau Samanja Mazan Fama, tsohon soja mai cakuɗa Hausa da Turancin bariki a gidan talabijin na Kaduna, da Ƙasimu Yero na Karambana da Magana Jari Ce, da Abdullahi Shu'aibu Karkuzu na Jos, da Golobo na Sakkwato. Da Ibro ya fito, iyayenmu cewa suka yi wannan ai shirme ne, ina ma laifin Samanja. Mu kuwa muka ce sun tsufa. Yau ga shi an juyo kanmu. Zamani riga ne, kowa da irin tasa.

Kuma tun da gaskiya muke faɗa wa juna, akwai abin da yaran nan suka fi mu gani. Ba duk abin da muka yi wa dariya a da ne ya cancanci dariya ba. An yi wasa da mai in'ina, da kurma, da gurgu, da gajere. An kwaikwayi Hausar waɗansu ƙabilu ta hanyar da ta wuce barkwanci ta koma raini, domin a barkwanci na gaskiya wanda aka tsokana yana nan zaune zai rama, a fim kuwa ba shi da baki. An sha nuna matar aure a matsayin mafaɗaciya mai tsinin baki wadda maganinta sanda, mu matan muna zaune muna tafawa. Ko a wancan lokaci ma ba kowa ne ya yarda da duk abin da ake yi ba. A 2008 kotun tafi-da-gidanka da ke aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke wa Ibro kansa ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, hukuncin da ya jawo ka-ce-na-ce mai yawa, waɗansu na ganin ya dace, waɗansu na ganin an zalunce shi. Saboda haka in 'yarki ta kalli wani tsohon fim ta daure fuska a inda ke kika saba ƙyaƙyatawa, kada ki yi saurin cewa ba ta da fara'a. Tambaye ta dalili. Watakila a ajinsu akwai mai in'ina, kuma ƙawarta ce.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi damuna a cikin wannan magana duka. Muna zaune muna gardamar ko suna ba da dariya ko ba sa bayarwa, kamar kayan wasa ne da ake murɗa musu mabuɗi. Mutane ne masu iyali, masu tsufa, masu ciwo. Ba su da fansho, ba su da garatuti. Ƙasimu Yero ya rasu a Kaduna a 2017. Samanja ya rasu a 2023 yana da shekara sama da 80. Karkuzu, wanda ya sa iyayenmu dariya shekara da shekaru, ya ƙare rayuwarsa idanunsa ba sa gani, har sai da ya fito ya nemi taimakon jama'a a kan wurin zama, ɗan ƙwallon nan Ahmed Musa ya saya masa gida. Ya rasu a Jos a 2025. Duk ranar da ɗayansu ya faɗi, sai ki ga wayoyi sun cika da hotunansa, kowa na cewa an yi rashi, ba za a sake yin kamarsa ba. Ina wannan yabo yake sa'ad da yake da kunnen ji? Ibro kansa yana da rai an kira shi ɗan camama da sigar raini, sai da ya kwanta dama aka tuna gwani ne. Ina tsoron kada mu maimaita wannan da waɗanda suka rage: mu yi ta cewa sun ƙare, sai ran da aka ce babu su mu fara kuka muna neman tsofaffin fina-finansu.

Ba ina nufin ki yi dariyar dole ba. Dariya ba sadaka ba ce, in abu bai ba ki ita ba, bai ba ki ba. Wanda ya yi aikin banza a gaya masa, domin yabon ƙarya ba ya gyara sana'a. Abin da nake roƙo shi ne a bambanta tsakanin cewa wannan fim bai yi kyau ba da cewa wannan mutum ya ƙare. Ta farko gyara ce, ta biyu kuwa binne mutum ne da ransa. Mu mata mun fi kowa sanin zafin wannan kalma. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin an ce wance ai ta kwana biyu ba, don kawai an kawo sabuwa? Alhali da tsohuwar zuma ake magani.

Ga wata 'yar shawara da na gwada a gidana, ku ma ku gwada. Ki zaɓi dare ɗaya a ƙarshen mako, ki sa kowa ya ajiye wayarsa, a shimfiɗa tabarma kamar da. Ke ki zaɓi tsohon fim ɗin Ibro guda ɗaya wanda kika tabbata babu abin kunya a ciki, domin wajibi ne ki fara dubawa kafin ki tara yara. 'Yarki kuma ta zaɓi wani sabon abu da ɗaya daga cikin abokansa ya fito a ciki. A kalli duka biyun tare. In an zo wurin da yara ba su gane ba, ki tsayar ki ba su labarin abin da ake yayi a lokacin. Wannan karon kuma ki ɗauke idonki daga kan mai jar hula, ki dubi na gefensa, ki ga aikin da yake yi. A gidana abin da ya faru shi ne, wurin da na yi zaton za a fashe da dariya shiru aka yi, wurin da ban taɓa lura da shi ba kuwa nan autata ta faɗi tana riƙe ciki, dariyarta ta kama ni, tawa ta kama babansu da ya ce shi wucewa kawai zai yi. Ya wuce ɗin, amma da kujera ya dawo.

Ku kuma 'yan makaranta, ina da magana biyu da ku. Ta farko, kada ku yi wa iyayenku dariyar abin da ke ba su dariya. In kin ga mahaifiyarki na ƙyaƙyatawa a kan wani tsohon fim mai dishi-dishi, ki sani ba fim ɗin kaɗai take gani ba, tana ganin mutanen da ta kalle shi tare da su, waɗansunsu ba sa duniya. Zauna kusa da ita. Waɗanda kuke yayi yau a waya, nan da shekara 20 'ya'yanku za su tambaye ku me kuka gani a jikinsu. Ta biyu, ku da kuke cikin ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta, kada kowa ta dage sai ita ce tauraruwa. Ku koyi sauraro, ku koyi miƙa wa 'yar'uwa magana, ku koyi yin shiru a inda ya dace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, a fagen wasa ma haka abin yake.

To, shin abokan wasan Ibro har yanzu suna ba da dariya? Amsata ita ce, in an haɗa su da abokan gogayya, aka ba su labari mai ma'ana da isasshen lokaci, suna bayarwa, kuma mun gani da idonmu. In an bar kowa shi kaɗai yana kwaikwayon abin da ya wuce, ba sa bayarwa, kuma da Ibro ne aka bari a wannan hali shi ma da ya sha wuya. Masu shirya fina-finai su ji wannan, su tara mutanen nan tun suna da ƙarfi. Mu kuma masu kallo mu kalli aikinsu ta hanyar da za su amfana, a tasharsu ko a talabijin, mu rage karɓar na sata.

A gidan sunan nan dai ba a tashi da matsaya ba. Mai albasa na nan a kan bakanta, ƙanwar mai jego ma haka, sai dai na lura da za a watse mai albasa ta ja ta gefe tana tambayarta wace rana ake nuna shirin nan da ta ambata.

Ke fa 'yar'uwa, wane ɓangare kike? Wane ne gwaninki a cikin waɗanda suka rage, kuma wane tsohon wasa ne har yau in kin tuna shi kike murmushi ke kaɗai a kicin? Ku rubuto mana ra'ayoyinku, matan aure da 'yan makaranta duka, za mu buga waɗanda fili ya ɗauka. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya rufa wa waɗanda suka rage asiri, ya bar mu da fara'a a gidajenmu. Sai mun sake saduwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.